Yadda Dakta Kwalba Ya Shayar da Bututan Benenmu Ɓawon Lemo

Ruwan benenmu a hankali ya fara ja, har muka saba da shi kafin mu gane ciwo ne. Da farko in ka buɗe famfo da safe sai ya yi tari, ya tofo wani abu mai launin shayi, sannan ya washe. Daga baya ya daina washewa. Ni mai aski ne, shagona yana ƙasan benen, ƙofarsa na kallon titi, tagarsa na kallon tsakar gida, saboda haka ba abin da ke wuce ni ta gaba ko ta baya. Fararen tawul ɗina goma sha biyu duk suka koma launin ƙasa, har wani kwastoma ya tambaye ni ko da su nake goge takalma.

Mai kula da benen shi ne Dakta. Ba likita ba ne, ko kaza bai taɓa yi wa allura ba. Shekara goma sha tara ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a, da ya yi ritaya ya fito da farar riga ɗaya, da tabarau na roba, da baki. A gabansa Dakta muke ce masa, a bayansa Dakta Kwalba. Aikin kula da benen ɗaki biyu yake zuwa da su a ƙasa, jikin shagona, nan yake zaune da matarsa da 'ya'yansu mata biyu. Matar tasa Antin Ƙasa kowa ke ce mata, mace ce da za ta yini ba ka ji muryarta ba. Mijin ya riga ya cinye rabon maganar gidan gaba ɗaya.

Nas ce ta kira Hajiya mai benen. Nas tana hawa na biyu, jinya take yi a asibiti, kuma ruwan ya ɓata mata fararen kayan aiki har kala uku. Hajiya ta zo da Mai Famfo, wani siririn mutum mai jakar kayan aiki, wanda kowa ya san ya daɗe yana kwaɗayin ɗakunan Dakta. Ya ƙwanƙwasa bututun da ya sauko ta jikin bango, ya kara kunne, ya ce, "Tsatsa ta cinye su, Hajiya. Sai an sauya, daga tanki har ƙasa."

"To a sauya," in ji Hajiya. Ita haka take, ba ta jan zance.

Abin da ya rage wa Dakta a duniya shi ne ya zaro makulli ya buɗe wa mutumin ƙofar saman bene. Sai ya yi dariya, irin wadda ake yi ta hanci.

"Ranki ya daɗe, sauya bututu aikin wanda bai yi karatu ba ne. Mutum ba ya da lafiya, sai a ce a jefar da shi a sayo wani? Magani ake ba shi."

"Bututun za ka ba magani?"

"Da ɓawon lemo. Da na ayaba, da na abarba. A gabana aka yi ta yi, shekara da shekaru. Ki ba ni mako uku, in ruwan nan bai fi hawayen jariri tsabta ba, ki karɓi makullanki ki ba wanda kika ga dama."

Ba wanda ya roƙe shi wannan alkawarin. Hajiya ta dube shi daga takalmi har tabarau, ta ce, "Na ji. Mako uku, ranar Asabar da hantsi. In bai yi ba, makullai da ɗakuna na Mai Famfo ne." Ta shiga mota. Mai Famfo ya bi ta, amma sai da ya tsaya ya leƙa tagar ɗakin Dakta yana auna faɗinta da ido. Antin Ƙasa na bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, na ga hannunta ya tsaya cak, sannan ta ci gaba da shara.

Da yamma Dakta ya shigo shagona ya zauna a kujerar aski, ba don aski ba, don madubi. Yana son kallon kansa in yana bayani.

Na ce, "Dakta, ka san abin da ka yi kuwa? Ɗakin kwanan 'ya'yanka ka ɗora a kan ɓawon ayaba."

"Kai gashi ka sani, abokina, bar ni da ƙarfe." Ya gyara tabarau. "Ɗalibai nake gani, su shanya ɓawo, su daka, su jiƙa cikin wani ruwa mai wari, su tace. Sai su ɗiga ɗan kaɗan a kwalba, su jefa guntun ƙarfe kamar farcen yatsa. Wanda aka ɗiga wa ya fito lafiya, wanda ba a ɗiga wa ba tsatsa ta cinye shi. Da idona."

"To ai ɗigo ka ce."

"Ɗigo na farcen yatsa. Bene mai hawa uku fa? Lissafi ne mai sauƙi, duro guda." Ya matso da kujera, ya rage murya. "Kuma akwai abin da su farfesoshin ba su sani ba. In sun tace, wa ke zubar da tuƙar? Ni. Shekara goma sha tara ina zubarwa, ina shinshinawa. Wallahi duk ƙarfin maganin a cikin tuƙar nan yake, su ruwan banza suke ɗiba. Na taɓa gaya wa wani farfesa, ya ce in je in wanko masa kofi. Hassada ce."

Washegari aka fara tara ɓawo. Ya bi sashe goma sha biyu ƙofa ƙofa da buhu, ya kafa doka cewa kowane gida zai riƙa ba da ɓawon lemo biyar a rana. Kofur, wani tsohon soja da ke hawa na uku, ya ce shi lemo na kashe masa haƙori.

"Ba sha na ce ka yi ba, yallaɓai, ɓarewa na ce."

"In ɓare in ba wa?"

"Ka sha don ƙasarka."

"Na riga na yi wa ƙasata abin da zan yi. Fita mini daga ƙofa."

Wanda ya ceci Dakta mai lemo ne, mai matse 'ya'yan itace a kwanar layinmu. Dama kullum sai ya tura baro har juji, yanzu ga wani ya zo yana roƙonsa sharar. Har gida ya riƙa kawowa, yana ƙara masa da ruɓaɓɓiyar kankana a matsayin gyara. Dakta ya baza ɓawon a saman bene, ƙarƙashin igiyoyin shanya. Kwana biyu ƙudajen unguwa suka ƙaura zuwa gidanmu. Nas ta hau kwaso zanin gadonta ta sauko tana zage-zage.

"Dakta, asibiti ma da nake aiki ban ga ƙuda haka ba."

"Sun san abu mai amfani, 'yar'uwa. Ƙuda ba ya bin banza."

"Kai ma ai suna binka."

A rana ta uku aka kwana ana ruwan sama, ɓawon ya jiƙe ya yi laushi. Dakta ya hau ya duba, ya sauko ya sanar da mu cewa ya yi nazari, shanyawa ba dole ba ce, tunda dai daga baya jiƙawa za a yi. Ɗalibai ne kawai ke son wahalar da kansu.

Sai daka. Ya ɗauko bilendar Antin Ƙasa, wadda ƙanwarta ta ba ta, ya cusa mata kan abarba. Ta yi kuka sau biyu, ta yi hayaƙi, ta mutu. Antin Ƙasa ta zo ta tsaya a kan gawar.

"Malam, bilendata ce."

"Ta mutu a bakin aikin ilimi. Zan sayo miki wadda ta fi ta."

Ta ɗauke ta ta kai ɗaki. Ya tafi wurin mai injin niƙa da buhu biyu, mutumin ya buɗe buhu ɗaya, ya rufe, ya nuna masa hanya. Daga ƙarshe Dakta ya juye komai a duro a tsakar gida, ya sa takalmin ruwa, ya naɗe farar rigarsa zuwa ƙugu, ya shiga yana tattakawa. Mutanen bene suka fito baranda suna kallo. Kofur yana ba shi umarni daga sama, hagu, dama, hagu, dama, shi kuma ya ɗauka yabo ne, har yana ɗaga hannu.

Ruwa mai warin da ɗalibai ke jiƙawa da shi ne bai san sunansa ba. Ya shigo shagona yana shinshina kwalabe, ya tsaya a kan sifirit ɗin da nake goge reza.

"Shi ne. Hancina ba ya ƙarya."

"Dakta, rabin kwalba ne, duronka kuwa ya kai tsayin ƙirjina."

"Abu mai ƙarfi ba ya buƙatar yawa."

"Jiya ka ce sai da yawa."

"Jiya maganar ɓawo ake yi."

Ya juye, ya cika duron da ruwa, ya rufe da kwano, ya bar shi a rana kwana tara. In ka wuce kusa sai ka ji yana 'yan maganganu a ciki, ɓul, ɓul. Dakta ya ce magani ne ke nuna.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na wanke kaina. A kwana na tara ya ciro wata ƙusa mai tsatsa daga jikin ƙofar shagona, ya tsoma ta a kofin ruwan duron, ya ajiye a kan teburina. Da safe ƙusar ta fito fes, tana ƙyalli. Na juya ta, na sake juyawa. Gaskiya na fara tunanin ko shekara shida muna yi wa masani dariya ne. Dakta ya ɗaura ƙusar a zare ya rataya a wuya, ya bi bene hawa hawa yana nunawa. Har Nas ta daina zage-zage. Kofur ya sara masa, rabi da wasa.

Antin Ƙasa ce kawai ta karɓi ƙusar ta ɗaga ta a haske.

"Malam, kamar ta rame."

"Datti ne ya fita. Ke ma in kin yi wanka ai kin fi sauƙi."

Ta miƙo masa rariya da wani farin ƙyalle. "To ko dai ka tace. Ko shayi ana tacewa."

"Abin da ya hana farfesoshi ci gaba ke nan," in ji shi, ya ture rariyar.

Ranar Laraba, saura kwana uku, muka kwashe duron zuwa saman bene a bokiti. Muka, na ce. Bokiti goma sha huɗu ne, huɗu a kaina suka hau. Tankin babba ne na roba, mai murfin murɗawa. Dakta ya tsaya a tsani yana karɓa yana juyewa, da tuƙa, da 'ya'yan lemo, da guntayen kan abarba, da abin da ba a san asalinsa ba. Da ya gama ya buga jikin tankin ya ce, "Sha ka warke."

Abin haushi, ranar farko ta yi kyau. Ruwan ya fito rawaya-rawaya yana ƙanshin lemo. Kwastomomina suka ce na sauya sabulu. Nas ta ce fatarta ta yi santsi. Dakta ya fito da kujera tsakar gida ya zauna yana karɓar gaisuwa, ya ce mini yana tunanin buɗe kamfani, zai ba ni mai gadi ko manaja, ya danganta da halina.

Ranar Alhamis famfuna suka fara tari. Na buɗe nawa zan wanke wa wani direba kai, sai ga ƙwallon lemo uku sun faɗo masa a ƙeya. Wajen ƙarfe goma muka ji ihun Kofur, ya fito baranda ɗaure da tawul, kumfar sabulu har ido.

"Ina ruwa? Kai Kwalba, ina ruwana?"

"Yana hanya, yallaɓai. Yana tsayawa ne yana aiki a kowace kwana."

"Ka ce masa ina jiransa da sabulu a ido."

Zuwa la'asar ƙanshin lemo ya tafi, wani ya zo. Ba na so in faɗi sunansa, amma duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan mashaya ya san shi. Direban nan ya dawo shagona tare da matarsa, ta tsaya a ƙofa ta ce in rantse aski kawai yake zuwa yi wurina. Na rantse. Ta shinshina kansa, ta shinshina famfona, ta ce to dukkanmu ne. Tururuwa suka yi layi a jikin kowane bututu, ƙudan zuma suka kewaye tankin.

Muka taru a kan Dakta. Ko gezau bai yi ba.

"Yaƙi ake yi a ciki tsakanin magani da tsatsa. Kun taɓa ganin yaƙi ba wari? Tambayi Kofur. Matsalar ita ce kuna buɗe famfo kuna zubar da sojojina, ƙarfin kuma yana fita ta sama."

Ranar Juma'a da safe ya hana kowa taɓa famfo sai bayan Hajiya ta zo. Ya bi gida gida yana ɗaure kawunan famfo da tsumma. Ya hau sama ya murɗe murfin tankin iya ƙarfinsa, ya naɗe shi da robar taya, ya toshe ɗan bututun da iska ke fita ta ciki, ya ɗora bulo biyu. Rana ta fito ta yi abin da ta saba. Da yamma na hau na leƙa, na ga tankin ya yi ciki, gefensa ya kumbura. Na sauko na gaya masa.

"Ya ƙoshi ne," in ji Dakta.

Da a ce shi kaɗai da Hajiya za a yi abin, da da sauƙi. Amma ya gayyaci layi gaba ɗaya. Ranar Asabar tun da safe ya aro bencina uku, ya jera a tsakar gida suna fuskantar famfon wanki. Mai lemo ya zo da sabuwar hula. Mai injin niƙa ya zo, ya ce shi dai ya ga ƙarshen abin. Matar direba ta zo da ƙawayenta biyu. Dakta ya wanke farar rigarsa a maƙwabta, ya goge, ƙusa na lilo a ƙirjinsa. Antin Ƙasa ta tura 'ya'yanta gidan ƙanwarta, ta tsaya a bakin ƙofarta ta harɗe hannu.

Hajiya ta iso cikin farin mayafi, Mai Famfo na bayanta da jakarsa, da kuma awon tela a wuya, wai don labule. Ta ja hanci sau ɗaya.

"Me ya mutu?"

"Tsatsa, ranki ya daɗe."

Ya zaunar da ita a bencin gaba, ya miƙa mata kofin gilashi. Sannan ya yi jawabi. Ya fara daga ranar da ya shiga jami'a, ya bi ta kan farfesoshi bakwai da suka danne shi, ya gode wa mai lemo, ya yafe wa mai injin niƙa. Ya ce daga yau masu gyaran famfo sai su nemi wata sana'a, kuma shi ba zai ƙi koya musu ba. Hajiya ta duba agogo. Ya kwance tsumman famfon, ya karɓi kofin ya tara, ya murɗa.

Ba abin da ya fito. Ya ƙara murɗawa. Can sama, cikin bango, wani abu ya yi gurnani mai tsawo, irin na cikin da ya sha wake da yawa. Jama'a suka ɗaga kai.

"Yana gaisuwa ne," in ji Dakta. Ya juya wurin Mai Famfo. "Ara mini guduma."

"Ni dai da ni ne ba zan buga ba."

"Shi ya sa kake inda kake."

Ya buga bututun sau ɗaya, sau biyu. A na uku abin da ya toshe ya saki. Famfon ya harbo wani dunƙulen tuƙa, ya kwashe kofin daga hannunsa ya kai shi bango. Kafin a ce me, bututun da ya sauko daga hawa na uku ya fara fitsari ta ko'ina, siraran ruwa suna feshi ta gefe, ta sama, ta kowace mahaɗa, sama da wuri ashirin. Ɗaya ya sami mai lemo a kunne. Ɗaya ya bi ƙawayen matar direba har ƙarƙashin matakala. Daga cikin gidaje muka ji famfuna suna ta harbe tsummansu, Nas ta ruga sama tana kiran sunan kayan aikinta.

Mai Famfo ya matsa inda ruwan bai kai ba, ya ce wa Hajiya cikin natsuwa, "Dama tsatsar ce ke toshe hujojin. Tsamin ya cinye ta."

"Kun ji ko," in ji Dakta, yana share ido. "Ya yarda da bakinsa. Maganin ya cinye tsatsa."

"Ya cinye har da bututun," in ji Kofur.

"Ƙarfi ne ya yi yawa. Bari in ɗan sassauta murfin."

Antin Ƙasa ta ce, "Malam, kada ka hau." Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ran nan. Ya riga ya kai hawa na biyu. Muka ja baya muna hangensa a saman bene, ya taka tsani, ya sauke bulo ɗaya, ya sauke na biyu, ya juyo ya ɗaga mana hannu. Sannan ya kama robar tayar ya ja.

Ƙarar ta kai kasuwa, haka aka gaya mini daga baya. Murfin ya tashi sama, bai sauko a gidanmu ba. Kumfa rawaya ta yi tsiri ta fi tsayin mutum biyu, ta tsaya kamar tana shawara, sannan ta zubo tsakar gida gaba ɗaya. Jama'a suka watse, benci ya kife da mai injin niƙa. Hajiya kaɗai ce ba ta gudu ba, don ita ba ta gudu. Tana zaune inda aka zaunar da ita, farin mayafinta ya koma rawaya, wani guntun ɓawon kankana ya zauna daram a kafaɗarta.

Dakta ya sauko a hankali, matakala ɗaya bayan ɗaya, takalmi ɗaya a ƙafa. Tabarau babu. Tun daga gashi har ƙafa tuƙa ce, ƙudan zuma na rakiyarsa, leɓensa na sama ya riga ya fara kumbura. Ya tsaya gaban Hajiya.

"Ranki ya daɗe, a kimiyyance..."

"Makullai."

Ya laluba aljihu, ya zaro su suna ɗiga, ya ajiye a tafin hannunta. Ruwa na ta zuba a jikin bango. Na daɗe ina jiran ranar da bakin Dakta zai mutu, amma da ta zo ban ji daɗinta ba. Labulen ɗakinsu nake kallo, da takalman makarantar yaran a jere a bakin ƙofa, tausayi ya kama ni. Mai Famfo ya miƙo hannu.

Antin Ƙasa ta taka cikin kumfar ta zo, ta ɗan rusuna, ta sa hannu ta cire ɓawon kankanar daga kafaɗar Hajiya.

"Hajiya, ina da tambaya. Shekara shida, wa ke tayar da injin ruwa da asuba?"

Hajiya ta dubi jama'a.

"Anti ce," in ji Nas daga baranda, tana matse riga.

"Wa ke share matakala? Wa ke sauya ƙwan fitila? Wa ke fitar da shara ranar da motar shara ke zuwa?"

"Ita ce," in ji Kofur. "Shi dai yana tsayawa ya yi bayani."

"To ni ban yi wa kowa alkawarin mako uku ba," in ji ta. "Ban ga dalilin da za a kore ni daga aikina ba."

Hajiya ta juya makullan a hannu. Ta dubi Mai Famfo. "Kai za ka share matakala?"

Ya ɗaga kai ya ƙirga hawa uku, ya dubi kumfar da ta kai idon sawu, ya janye hannunsa. "Ni a bar ni da bututun, Hajiya. Aikin kwana goma ne yanzu, har da na cikin bango."

Ta miƙa wa Antin Ƙasa makullan. Sannan ta nuna Dakta da haɓa. "Ɗakin na mai kula da gida ne da wanda ta yarda ya zauna. Wannan fa?"

Antin Ƙasa ta juya ta dubi mijinta. Ta daɗe tana kallonsa, layi guda na jira. Dakta ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, leɓen ya hana shi. Ta shiga ɗaki, ta fito da bokiti biyu, ta ajiye a gabansa.

"Gida goma sha biyu ne, Malam, ga shagon mai aski, kuma kwana goma ba ruwa. Famfon layin baya yana aiki. Ka fara da hawa na uku, Kofur tun shekaranjiya da sabulu a bayansa."

Ya sunkuya ya ɗauka. Jama'ar da ya gayyato suka buɗa masa hanya, ya bi ta tsakiyarsu yana ɗingishi da takalmi ɗaya, ƙudan zuma na biye. A bakin ƙofa ya juyo, ya ce mata da kumburarren baki, "In na gama zan iya shigowa?"

"In ka daina wari," in ji Antin Ƙasa, ta ɗaure makullan a bakin zaninta, ta ɗauki tsintsiya.